Muddassir da Famfon Albasata

Ni na yi wa Muddassir ɗan Zara'u wankan farko ranar da aka haife shi, saboda haka kada wani ya ce mani ban san shi ba. Bai yi kuka ba sai da na tsungule shi. Tun ranar na ce wa uwarshi yaron nan mai ajiye magana ne a ciki, irin waɗanda sai an sa masu ido.

Yana ƙarami ya kwance rediyon ubanshi, ya jera ƙusoshin a faifai, ya maida su. Ƙusa biyu suka rage, rediyo kuma ta ci gaba da magana. Aka kai shi lakkwal, makarantar boko, a Tasawa, daga nan Maraɗi, daga nan Yamai. Da ya dawo ƙauyenmu nan gefen Urafane, mun zaci mota za mu gani ko mata. Ordinata, wato kwamfuta, ya zo da ita cikin jaka, da wani kaye na rubutu mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. Ka gaya mashi akuyarka ta haihu, sai ya rubuta. Ni mutumin da ke rubuta magana maimakon ya amsa ta bai taɓa kwanta mani ba.

Mu mata goma sha biyu ke da lambun ƙungiya bayan gari. Akwai foraj, rijiyar burtsatse, akwai shato, tankin ruwa na sama, akwai faranti masu shan rana, kowace da fangalinta da famfonta. Da, kullum rigimar ruwa muke. Muddassir ya haɗa wani akwati gindin shato mai buɗe famfunan yana rufewa da kanshi. Ya ce cikin akwatin ma'aikata sha biyu ne, kowane da famfon da yake lura da shi, kuma duk lokaci guda suke aiki. Na tambaye shi ko aljanu ne. Ya ce rubutu ne.

"To mu da ba mu karatu, wa zai gaya mana abin da aka rubuta a kanmu?" na ce.

"Amarya, ke dai ki dasa albasarki."

Amarya yake ce mani don ni sa'ar kakarshi ce. Na ce mashi mijin da bai taɓa kawo mani ko goro ɗaya ba, gara ya rufe bakinshi.

Na dasa albasa farkon rani. Sati biyu lafiya. Daga nan famfona ya fara wasa da ni: ya buɗe, ya yi tari, ya rufe, alhali na sauran na zuba. Ba kullum ba, amma albasa sabuwar dashe ba ta san haƙuri ba. Ita ce miyata da ta jikokina har damina.

Da na kai ƙara, Muddassir ya jona ordinatarshi da akwatin, ya danna, sai duk famfunan lambun suka yi tsit. Mata suka taso mani kamar ni na shanye foraj. Shi kuma ya duba, ya ce bai ga komai ba.

"Idan mata uku na lugude, ɗaya na kuskure, ka tsaida su duka, wa za ka kama?" na ce. "Kowace za ta tsaya da taɓaryarta kamar saliha."

Ya dube ni, ya rubuta cikin kaye. Ban ji daɗin wannan ba.

Kwana biyu ya dawo ya ce ya sami hanya. Zai sa wata alama da ya kira *point d'arrêt*, wato wurin tsayawa, amma wadda ma'aikaci ɗaya kaɗai za ta kama. Sauran su wuce ta su ci gaba da aikinsu, nawa kuwa in ya iso wurin ya tsaya cak, a leƙa abin da ke hannunshi, sannan a sake shi. Ya ce ma'aikacina shi ne na bakwai.

Sai dai ranar famfon bai yi tarin ba, shi kuma ana jiranshi wani lambu can wajen Mayahi. Ya zauna ƙarƙashin itacen bedi ya cika shafi guda da yadda ake sa alamar, ya bar kaye da ordinata hannun Sakina, sakatariyar ƙungiyarmu, wadda ta yi lakkwal. In famfona ya yi tari ta bi shafin, ta ɗauki hoton abin da ya fito, ta aika mashi ta waya.

Washegari aka wanke farantan nan masu shan rana, aka kashe akwatin aka kunna. Famfona ya yi tari. Sakina ta bi shafin, ta aika hoto. Muddassir ya bugo ya ce ma'aikacina lafiyarshi lau.

Kwana na biyu haka. Kwana na uku haka. Albasa ta fara kwantawa, ni da shekaruna na koma ɗaukar ruwa da bokiti daga bakin shato. Na fara lissafa wa ke son fangalina, don shi ya fi kusa da inuwa. Na tuna Balkisu, maƙwabciyata a lambu, ta taɓa cewa tsohuwa mi za ta yi da fangali gaba ɗaya. Na tuna Balkisu ƙanwar uwar Sakina ce. Na daina amsa gaisuwarsu.

Rana ta huɗu na aje bokiti, na zauna bayan Sakina, na ce yau ba ni da aiki sai ke. Ba na ganin komai cikin gilashin ordinatar nan, amma kunnena Allah bai karɓe ba. Tana danna abin, famfona ya ci gaba da tarinshi, na Balkisu kuma ya ɗauke. Balkisu ta ɗago daga cikin tumatirinta.

"Kwana huɗu ke nan ana yi mani haka. Iya, mi kika ba yaron nan da yake yanke mani ruwa?"

Ashe ita ma ni take zargi.

Na ce Sakina ta kira shi. Na karɓi wayar.

"Kai mai kaye. Ma'aikatan nan naka, lambarsu a goshi aka tsaga masu, ko kuwa layin rijiya ne, wadda ta riga zuwa ita ce ta farko?"

Sai ya tambaye ni:

"An kashe akwatin bayan tafiyata?"

"An kashe."

"Gobe ina nan, Iya."

Da ya ce Iya bai ce Amarya ba, na san na taka wutsiyar abin.

Ya zo da hantsi bisa babur. Gaban mata duka ya ce laifin shafinshi ne. Duk sanda aka kunna akwatin, ma'aikacin da ya riga tashi shi ke ɗaukar lamba ta ɗaya, shi kuwa ya rubuta bakwai kamar suna ne. Kwana huɗu lafiyayyen ma'aikacin Balkisu yake dubawa yana ce mani ƙalau. Ya ja layi bisa shafin, ya sake sabo: a fara kiran jerin ma'aikatan, a nemi sunan mai famfon, a ga lambar da yake da ita yau, sannan a sa alamar.

Ya sa ta bisa nawa. Kafin azahar ya kama shi. Nawa da na Balkisu kan miƙa hannu ga ma'aunin ruwan shato lokaci guda, nawa ya tarar an riga shi, sai ya ɗauka shato ya ƙafe, ya rufe. Ya gyara, ya ce yanzu zai jira a gama ya auna.

Na ce ban yarda ba. Na sa aka kashe akwatin aka kunna gabana. Na sa Sakina ta karanta sabon shafin da Hausa, da ƙarfi, ta bi shi ita kaɗai, Muddassir na tsaye nesa hannunshi a baya. Ta ce yau ni ce ta uku. Ta danna, famfona ya ɗauke, na Balkisu na zuba. Ta sake shi, ruwa ya dawo.

Layi huɗu na albasar sun riga sun ƙone. Sauran suka tashi. Muddassir ya zo da iri daga kasuwar Urafane ya duƙa ya dasa mani huɗun da hannunshi, ya dasa su a karkace, sai da na bi baya na gyara.