Yadda Shatu Ta Ɓoye Wada Mai Tsakiya

Wada ɗan Shatu a Makka aka haife shi, a wata bukka ta gwangwani a gefen Kudai, amma ba shi da ko guntuwar takarda da za ta shaida hakan. Iyayensa da ƙafa suka zo daga ƙasar Katsina, suka bi ta Chadi da Sudan, shekara bakwai a hanya. Yana ɗan shekara huɗu wani mutum ya shigo unguwa da littafi da alƙalami, ya rubuta sunan ubansa Dawuda. Bayan sati guda aka sa Dawuda a jirgin ruwa a Jidda a kan idon Shatu, kuma ba a sake jin labarinsa ba. Tun daga ranar Shatu ta daina yarda da duk mai rubuta suna, ko da limami ne.

Wada ya tashi mai ga-ruwa. Garwa biyu a sanda, daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, zuwa gidajen da ke kan duwatsu, sawu ashirin kafin azahar. Wanda ya yi wannan aiki, gudun fili wasa ne a wurinsa. Da ƙwallo ya shigo gari, samari suka share wani fili mai tsakuwa, suka sa shi a tsakiya. Ba ya cin ƙwallo sosai, amma duk wadda aka ci daga ƙafarsa ta fito. Shekara uku ya yi a ƙungiyar unguwa, sannan Abdulganiyyu, wani mai sayar da yadi da ke riƙe da babbar ƙungiya a cikin gari, ya ɗauke shi ya ba shi takalmi. Shatu ta juya takalmin nan sama da ƙasa, ta ce ita ba ta taɓa ganin attajirin da ke kyauta haka kawai ba.

Shekaru kaɗan bayan yaƙin Hitila, wata Asabar da hantsi, Wada yana kan dutse da garewaninsa, mota ta tsaya a bakin lungu. Wani mutum ya fito da kwat da tabarau, littafi a hammata. Shatu na zaune tana ƙulla gyaɗa, ta kafa wa littafin ido.

"Ya Hajja, ina gidan Wada Dawuda?" in ji shi, da Larabcin Misira.

"Wane Wada?"

"Mai ƙwallo. Muna haɗa 'yan wasa da za su je Misira su buga. Jirgi zai tashi ran Alhamis."

Jirgi! Shatu ba ta ji sauran maganar ba. Ƙwallo kuma har a sa mutum a jirgi dominta? Wannan ai ko yaron goye ba za a ruɗa da ita ba.

"Ma a'arif," ta ce. "Ban san shi ba."

Mutumin ya matsa wurin Tsoho mai tsire. Tsoho ya dubi littafin, ya dubi Shatu, ya ce shekararsa talatin a nan bai taɓa jin sunan ba. Baraka maƙwabciya ta ƙara gishiri, ta ce akwai wani Wada amma ya rasu bara. Unguwa guda ta haɗa baki ba tare da an yi shawara ba, kowa na ganin ya yi aikin lada.

Da Wada ya dawo, Shatu ta tare shi da kuka, wai kawunsa mai lambu a ƙauyen Wadi Faɗima ba lafiya, rai a hannun Allah. Kafin la'asar ta sa shi a motar kayan lambu. Washegari Abdulganiyyu ya zo da kansa yana haki.

"Hajiya, don Allah ina Wada? Ni na ba da sunansa!"

"Kai ka ba da sunansa?" Shatu ta miƙe tsaye. "To dama na sani. Takalmin ke nan. Nawa suka ba ka?"

Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce a kira mai unguwa ya shaida. Ta ce shi ma mai unguwar littafi gare shi. Ta shige ɗaki ta jawo ƙyaure.

Wada ya tarar da kawunsa garau yana ban ruwa. Ya yi kwana shida yana taya shi, yana mamaki. Ran Juma'a ya dawo ya wuce fili, ya ga rabin abokansa ba sa nan. Abdulganiyyu ya faɗa masa komai, har da sunan wanda aka ɗauka a madadinsa, wani yaro da Wada ke karɓe wa ƙwallo ido rufe. Har takardar zama ɗan ƙasa an yi niyyar yi wa Wada saboda tafiyar.

Ya zo gida ya tsaya a ƙofa. "Inna, da gaske ne fa. Ƙwallo za mu je bugawa."

"Haka suka ce maka," in ji Shatu, ba ta ko ɗago kai ba. "Ka ga sun dawo?"

Sun dawo kuwa bayan wata guda, da riguna masu lamba da hoto a jarida. Shatu ta ce waɗannan an dawo da su ne don a kama wasu.

Wada ya ƙara shekara shida a tsakiyar fili, har gwiwa ta hana. Ba wanda ya sake zuwa nemansa. Abin ya ci shi ƙwarai, amma bai taɓa ɗaga mata murya ba, don ya san abin da ta gani a Jidda. Har ta tsufa, in baƙi suka zo, labarin da ta fi so ke nan: yadda ta kuɓutar da ɗanta daga hannun mai tabarau. Sai ta juyo ta ce, "Ko ba haka aka yi ba, Wada?"

Shi kuma yana zuba wa baƙi shayi, ya ce, "Haka aka yi, Inna."