Faifan da Za a Binne De Ukaegbu da Shi

A tashar jirgin ƙasa ta Aba Ukaegbu, wanda ake kira De don girmamawa, ya ƙare ƙuruciyarsa, yana sayar da tikiti ta wata 'yar taga, sanye da farar riga mai sitati da lakataye ko da ana zafi kamar me. Makarantar mishan ce ta koya masa rubutu mai kyau da tsayawa ƙyam idan ana waƙar coci. Yaƙin basasa ya zo ya wuce. Da aka dawo gari hannu biyu babu komai, samari suka harhaɗa jita da waya da katako, suka dinga kiɗa mai ƙara kamar suna faɗa da sama. A nan kunnen Ukaegbu ya kamu, kuma bai warke ba.

Faifan da ya fara saya na rok ne, na wasu Turawa masu gashi har kafaɗa. A Aba ba a wahalar da baki wajen kiran sunan faifai, da hoton bangonsa ake kiransa, don haka wannan ya zama Kujera Mai Cin Wuta. Gefensa na biyu waƙa ɗaya ce tal. A tsakiyarta mawaƙin yakan yi shiru ya bar mai ganga shi kaɗai, ya yi ta duka har mace ta ɗora doya ta sauke. Ukaegbu yakan saurari wurin ido a rufe, hannu a ƙirji, kamar yadda aka koya masa sauraron wa'azi.

Shi da abokansa suka kafa Ƙungiyar Masu Kunne. Kowace Lahadi bayan an tashi daga coci sukan hallara a shagon bammi na Madam Ejituru, a fasa goro, a yi addu'a, a ɗora faifai. Muddin allura tana kan faifai ba mai magana. Da an ɗaga ta kowa zai buɗe baki a lokaci guda. Tun farko ƙungiyar ta rabu biyu: masoya rok, waɗanda ake kira 'Yan Tsawa, da masoya pop mai zaƙi, 'Yan Zuma. Jagoran 'Yan Zuma shi ne Mazi Iroha, tsohon hedimasta, gajere mai tumbi, wanda ya ɗauki faifan da ake kira Mata Uku da Lema a matsayin abu mafi daɗi da ɗan Adam ya yi tun bayan farfesun kan akuya.

"De, wannan kiɗa ne ko maƙera ne suke aiki?" in ji Mazi Iroha ga Ukaegbu, duk ranar da aka sa Kujera.

"Mazi, kunnenka na yara ne, alawa ya saba da ita. Waƙarku duka maganarta biyu ce: zo masoyiyata, kar ki tafi masoyiyata. To ta zo ne, ko ta riga ta zo tana shirin tafiya? Ku yanke shawara mana!"

"Amma ana rawa da ita. Naka fa? Wa ya taɓa samun mata da wannan rugugin?"

"Ga ni a gabanka."

"Kai? Ai matarka, Da Oyidiya, ta aure ka ne don ta riƙa shiga jirgin Fatakwal kyauta. Duk Aba an sani."

Haka suka yi ta yi har gashi ya yi fari, jirgin ya daina zuwa, masu sayar da faifai suka koma sayar da wayar salula.

Ƙungiyar tana da wata doka da aka kafa tun suna samari, lokacin da mutuwa abin dariya ce. Idan ɗan ƙungiya ya rasu, bayan an rufe kabari an koma ƙarƙashin rumfa, sai a sa masa faifai guda daga farko har ƙarshe, gaba da baya. Kuma ba mamacin ke zaɓa ba, rayayyu ne suke ɗaga hannu. A da 'Yan Tsawa ne suka fi yawa, don haka Ukaegbu da kansa ya goyi bayan dokar da ƙarfi. Abin da bai hango ba shi ne 'Yan Tsawa sun fi saurin mutuwa. Mazi Iroha ya ce ƙara ce take girgiza musu hanta.

Ranar da aka binne De Agomuo a ƙauyensu, mutumin da bai taɓa yarda an sa pop a gidansa ba, aka ɗaga hannu, 'Yan Zuma suka yi rinjaye. Aka sa Mata Uku da Lema. 'Yan matan gidan suka tashi suka kama rawa, surukai suka bi, har matar marigayin aka ga tana kaɗa kai a ƙarƙashin mayafi. Ukaegbu ya zauna da farantin shinkafa a cinya bai taɓa ba. Ya dubi jar ƙasar kabarin, ya ga kansa a ciki, ana ce masa zo masoyiyata, kuma babu bakin ramawa.

Daga ranar ya zama ma'aikacin jinya. Duk ɗan Tsawan da ya rage, Ukaegbu yana ƙofarsa da sassafe da ganyen shuwaka. Ya hana su gishiri, ya hana su bammi, ya raka su awon jini. De Ekeoma, wanda kunnensa ya riga ya mutu saboda zama kusa da lasifika, ya gaji ya kore shi.

"Ka bar ni in ci nama, Ukaegbu! Ashe ba don Allah kake zuwa ba, hannuna kake kiwo!"

"Ka ci abin da kake so bayan an binne ni, ɗan'uwa. Yanzu dai sha wannan."

Duk da haka suka ci gaba da tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ukaegbu ya kawo ƙudurin a canza doka, mamaci ya zaɓi faifansa tun yana raye. Mazi Iroha ya miƙe ya maimaita wa taro, kalma bayan kalma, jawabin da Ukaegbu ya yi yana saurayi don kare dokar. Aka tafa, ƙuduri ya faɗi.

A gida Da Oyidiya ta same shi zaune gaban garmaho ya yi tagumi.

"Nna anyi, maigidana, wai in ka mutu za ka ji ne?"

"Ba maganar ji ba ce, maganar mutunci ce."

"To ka roƙi Iroha mana."

"In roƙe shi? Mutumin da duk abin da na ce ina so, sai ya yi akasinsa?"

Yana faɗin haka sai wata dabara ta faɗo masa. Ya daɗe yana kallon bango. Washegari ya aika aka aro masa Mata Uku da Lema.

Ya san Iroha ba yaro ba ne, zai yi masa jarrabawa. Don haka ya rufe tagogi ya dinga sauraron faifan safe da yamma, fuska a murtuke kamar mai shan maganin zazzaɓi, har ya haddace kowace waƙa da inda 'yan amshi suke shigowa. Da ya ga ya ƙware, ya je taron Lahadi, ya miƙe bayan an fasa goro, ya gyara lakataye.

"'Yan'uwa, na yi shekaru cikin ɓata. Na gane gaskiya. Ina roƙo ku karɓe ni cikin 'Yan Zuma, kuma ranar da na tafi, a sallame ni da Mata Uku."

Sai ya rera waƙa ta uku a gefe na biyu, da muryar nan tasa ta mawaƙan coci, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Madam Ejituru ta fito daga kicin da ludayi a hannu. De Ekeoma, da bai ji komai ba, ya tafa.

Mazi Iroha ya kumbura har wuyansa ya ɓace.

"A'a! Ba a yi haka da mu! Tun muna da gashi kake ce mana masu kunnen yara. Ka ce faifanmu na masu gyaran kitso ne. Yanzu da ka hango rami kake so a yi maka rawa? Kana so jama'a su cika rumfarka su ci su sha su ce an yi biso mai daɗi? Wallahi da rugugin nan naka za a binne ka! Gaba da baya! Har da wurin mai gangar nan, kowa ya gudu ya bar ka!"

"Mazi, ka yi mini rai."

"Ba rai! A ɗaga hannu yanzu, tun yana raye, ya gani da idonsa!"

Aka ɗaga hannu. Ba a taɓa yanke wa rayayye hukunci ba a tarihin ƙungiyar, amma 'Yan Zuma suka amince baki ɗaya, suka ƙara da cewa babu ɗaukaka ƙara. Ukaegbu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Kowa ya ɗauka kuka yake yi.

Ya taka har gida a ƙafa, yana tsallake kwatocin Aba kamar ɗan makaranta. Ya ci tuwon rogo da miyar ganye har ya nemi ƙari. Sannan ya ɗauki bokiti ya shiga wanka.

Da Oyidiya tana tsakar gida tana tsince wake sai ta ji wata murya daga banɗaki, ƙasa-ƙasa, tana hawa tana sauka da daɗi. Ta ajiye tire ta matsa kusa da ƙofa.

"Nna anyi, me kake rerawa?"

Ruwa ya tsaya.

"Waƙar coci ce."

"Wace cocin ce ake cewa kar ki tafi masoyiyata?"

Can De Ukaegbu ya yi gyaran murya.

"Oyidiya, faifan nan da aka aro, kar ki mayar tukuna. Kuma in kika gaya wa Iroha, ban yafe ba."