Shekara shida kawuna ya yi cikin kan mujiya

Kai mai karanta wannan, ka taɓa tsayawa da ƙafa ɗaya cikin rana da ƙaton soso a kanka har ka ji gwiwarka na ƙara? Tashi ka gwada minti biyu kawai ka gani. To kawuna shekara shida ya yi yana wannan aikin, kuma wallahi ba hauka yake ba.

Bari in fara daga farko kar in rikita ku don raina a ɓace yake. Kawu ƙanin Ummata ne uwa ɗaya uba ɗaya, a gidanmu yake zaune, ɗakin bakin ƙofa inda da muke ajiye mataccen firji. Da can mai walda ne, duk ƙofofin ƙarfen layinmu shi ya yi su, har tamu da ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta. Wata rana tartsatsi ya shiga masa idon hagu, tun daga nan in ya kalli wutar walda sai hawaye sai ciwon kai, dole ya bar aikin. Zaman gida ya sa masa zafin rai, shi da matarsa kullum faɗa, ran nan ya sake ta cikin fushi, kafin ya huce ta kwashe kayanta ta tafi da ƴarsu Mimi, lokacin ko shekara uku ba ta cika ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kawuna waliyyi ne ba. Matar ta auri wani mai sayar da motoci, Kawu ya je ganin Mimi aka ce ya dawo gobe, goben aka ce tana barci, jibi aka ce sun fita alhali yana jin muryarta a tsakar gida. Kawai sai ya ɗauki dutse ya fasa gilashin motar mutumin. Aka kai shi wajen ƴan sanda, ya sa hannu a takarda wai ba zai ƙara zuwa kusa da gidan ko kusa da yarinyar ba. Umma duk sanda ta tuna sai ta ce masa, "Kai mai yi wa mutane ƙofa, ka je ka rufe taka da hannunka."

Daga nan ya koma dako a babban ginin shagunan nan mai hawa uku. A ƙasa akwai wani kanti da ke sayar da na'urar gem da katuna da ƴan tsana, na wasan nan da yara ke kama dodanni a waya su tara su riƙa haɗa su faɗa. Cikin dodannin akwai wata mujiya mai jiki kamar ƙwallo da manyan idanu, da ƙafa ɗaya take tsayawa. Kantin suna da rigarta, mutum ke shiga ciki ya tsaya bakin ƙofa yana jawo yara. Wata Asabar Kawu na sauke kwalaye sai ya hango Mimi ta fizge hannunta daga na uwarta ta ruga ta rungume ƙafar mujiyar. Ya laɓe bayan kwalayen yana kallo, wani ƙato da bai san daga ina take ba yana shafa kan ƴarsa, shi uban ko sallama ba shi da ikon yi mata. Bayan sati biyu mai sa rigar ya gudu saboda zafi, Kawu ya je wajen manaja ya ce shi zai iya.

Da ya faɗa wa Umma sai da ta ajiye tsintsiya.

"Mujiya? Duk tsuntsayen Allah ka rasa wanda za ka zama sai mujiya?"

"Yaya ita suke da ita ai."

"To madalla. Kar dai ka fara hawa mana rufi kana kuka, maƙwabta su tashi."

Ya yi dariya, daga baya ya faɗa mata dalili, tun ranar ita ke wanke masa tsumman da yake ɗaurawa a goshi.

Ku da kuke ɗaukar hoto da irin waɗannan ba ku san me ke ciki ba. Kan nan nauyi gare shi, akwai ƴar fanka a ciki amma tun watan farko ta mutu ba wanda ya gyara. Manyan idanun nan na banza ne, ba ta nan yake gani ba, ta cikin baki yake leƙe, wata ƴar raga ce baƙa, in zai kalli yaro sai ya sunkuyar da kan gaba ɗaya. Warin ciki kuwa kar ku tambaya, gumin duk wanda ya taɓa sawa yana nan. Manajan yaro ne da Kawu ya girme shi nesa, amma haka zai tsaya yana nuna shi da biro, "Baba, mujiya ba ta magana, kuma ba a cire kai gaban yaro ko gobara ake. Ɗaga ƙafar mana, a wasan da ƙafa biyu ka gan ta?" Sai Kawu ya ɗaga. Yara su ja masa wutsiya, su manna masa cingam, wani ya zo da gudu ya naushe shi a ciki uwarsa na dariya tana ɗauka a waya. In zai sha ruwa sai ya shiga ƙarƙashin matakala inda ake ajiye bokiti da abin goge ƙasa ya ja ƙofa tukuna.

Duk wannan saboda Asabar. Da la'asar uwar ke kawo Mimi, wani lokacin minti goma wani lokacin biyar. Ta ruga ta faɗa jikinsa, ta nuna masa dodannin da ta kama a wayar uwarta, ta ba shi labarin makaranta don ita a wajenta mujiya ƙawarta ce da ba ta katse mutum. Ranar da haƙorinta ya fita shi ta fara buɗe wa baki. Yana auna tsawonta da jikin rigar, da a gwiwa take, ta kai ciki, ta kai fiffike, in ya dawo gida sai ya tsaya jikin bangon ɗakinsa ya kwatanta ya yi zane da ƙusa. Abin da ya fi ci masa rai in ta zo da sabon takalmi ta ce, "Kalli, Babana ya saya min." Shi kuma aikinsa ya tafa fukafukai ya yi tsalle. Kuma yana yi. Ya ce gara da akwai kan, ba mai ganin fuskarsa.

A shekara ta biyu uwar ta gane shi. Ƙafar rigar ta yage, babban yatsansa ya leƙo, wanda ƙarfe ya taɓa faɗa wa farcen ya karkace. Ta kalli yatsan ta daɗe, sai ta matso kamar za ta gyara wa Mimi riga ta ce a bakin mujiyar, "Wallahi ba ka da kunya." Satin nan Kawu ko abinci bai iya ci ba, ya ce shi kenan ta ƙare. Asabar na yi sai ga su. Ba ta ƙara ce masa komai ba, ba ta kuma fasa zuwa ba, har shekara huɗu. Ni da saboda wannan ina ganin girmanta.

Watan jiya ne ta sake matsowa ta ce, "Za mu tashi, maigidana ya buɗe wajen motoci a wani gari. Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe." Ba ta faɗi garin ba.

Satin nan gidanmu ba zaman lafiya. Kawu ya ce zai cire kan, sau ɗaya tak ƴarsa ta ga fuskarsa kafin ta tafi.

Umma ta ce, "Kai auta ka yi wa Allah ka bari. Yarinyar nan ba ta san ka ba."

"Shekara shida tana rungume ni Yaya, ki ce ba ta san ni ba?"

"Soso take runguma. Ka manta takardar da ka sa wa hannu?"

"Takarda ce ta haife ta?"

"To ka rubuta mata wasiƙa ka saka mata a jaka."

"In ce mata daga wa? Daga mujiya?"

Ranar Juma'a ya je ya yi aski, ya gyara gemu, ya sayo turare. Ina jin shi ta taga yana maimaita abin da zai ce, wai Mimi kar ki ji tsoro, ni ne mahaifinki, duk zuwan da kike ni ne a ciki, ina sonki, ki yi karatu. Ya faɗa ya sake faɗa ya fi sau ashirin har na haddace.

Abin da bai yi tunani ba shi ne sai la'asar suke zuwa, shi kuma tun safe yake cikin kan. Awa bakwai. Ina aski ina turare. Kuma ranar ba su biyu suka zo ba, har da mijin, wai zai saya wa Mimi tsarabar bankwana. Mimi ta rungume shi ta ce za su tafi gari mai nisa, ta miƙa masa zanen da ta yi, ita da mujiya sun riƙe hannu, ta ce, "Kar ka manta da ni ka ji." Kawu ya ce yana ganin mijin a wajen biyan kuɗi ya san bai kamata ba, amma hannunsa ya riga ya ɗaga.

Ku yi tunanin abin da yarinya ƴar shekara tara ta gani. Ƙawarta ta cire kanta, sai ga wani tsoho a ciki, tsumma jiƙe a goshi, fuska duk ƙuraje na zafi, ido ɗaya ja wur yana zubar da ruwa. Ta ƙwalla ihu ta ja baya ta faɗi. Duk abin da ya haddace ya gudu, abin da ya fito kawai, "Mimi ni ne, ni ne," ya miƙa hannu zai ɗaga ta, ta ƙara ihu. Mijin ya fito da gudu, kallo ɗaya ya gane shi, ya ce wannan mahaukacin ne da ya fasa min mota, ashe bin ƴata yake. Wani daga sama ya ce ɓarawon yara ne, shi kenan. Masu gadi suka rufe shi, mutanen da kullum suke gaisawa da shi a ƙofar baya, wani da sanda wani da takalmi. Da waɗannan manyan ƙafafun ina zai gudu, ya faɗi ya kasa tashi kamar kunkuru, ana dukansa wayoyi sun fi hannu yawa.

Ya ɗago yana cewa ku tambayi uwarta, ta san ni ne, ta sani. Aka juya aka tambaye ta. Ta kalli mijinta, ta rufe wa Mimi fuska da mayafi ta ce, "Ni ban san komai ba." Na san tsoron aurenta take, Umma ma ta ce in daina zaginta, amma ni dai ban yafe ba.

Kwana biyu ya yi a wajen ƴan sanda saboda waccan takardar, sai da Umma ta bi ta roƙi mijin kamar za ta durƙusa kafin ya janye, shi ma don suna sauri za su tafi ne. Da Umma ta je kantin karɓo takalmin Kawu da wayarsa, manajan ko ya jikinsa bai ce ba, sai nuna mata yake yadda kan ya lotse wai sai an kai gyara. Litinin na yi suka saka wani a cikin rigar, yana nan yana ɗaga ƙafa, yara na runguma.

Bidiyon kuma ya zaga ko'ina, ƙila kai ma yana wayarka, wanda aka rubuta an kama mai satar yara cikin rigar tsuntsu. A layinmu yanzu in Kawu ya fito matan da suka san shi tun yana yaro sai su kira ƴaƴansu ciki. Ya daina fitowa. Gwiwarsa ta kumbura kamar tulu, haƙarƙarinsa biyu sun tsage, in ya yi tari sai ya riƙe bango. Ba ya maganar duka, ba ya maganar aikin. Shekaranjiya Umma na shafa masa magani na ji ya ce, "Yaya da na bar kan nan, da ta tafi tana sona." Umma ta ci gaba da shafa masa maganin.

Ba mu san garin da suka koma ba, lambar uwar ma ta daina shiga. Ni ba taimako nake nema ba kar wani ya tambaye ni me za a turo. Abin da nake so duk wanda ya tura wancan bidiyon ya san wa aka daka. Kuma Mimi ta iya karatu sosai, wata rana za ta riƙe waya tata ta kanta. Mimi in wannan ya same ki, mutumin da ya ba ki tsoro ba kama ki ya zo yi ba, babanki ne, shi ne kika nuna wa haƙorinki. Don Allah don Annabi ku tura wa duk wanda ke wayarku, ku saka a kowane guruf, kar ka karanta ka wuce, tura shi yanzu.