Dashen Malam Sabo a Hannun Ɗansa

Shekara tara ke nan da aka kai yayana Malam Sabo makwancinsa a Zandam, kuma bana ne na fara gode wa Allah da bai kai yau ba. Na san maganar ba ta da daɗin ji daga bakin ƙanwa. Ku yi haƙuri, raina ne a ɓace.

Ma'aikacin gandun daji ne a Birnin Kudu. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya buɗe lambun rainon itatuwa, mangwaro da gwaiba da kashu. Dashensa ba shi da kyan gani, ni kaina na sha yi masa tsiya cewa marayu yake sayarwa. Abin da yake zubawa a leda yashi ne da jar ƙasa da ɗan ruɓaɓɓen takin shanu, ba ya ƙarawa. Yakan ce shuka in ta sami abinci a bakinta, ganye take yi ta manta da saiwa. In ka ɗan ja mata rai, sai ta nutsa ƙasa neman na kanta, kuma wannan saiwar ce za ta riƙe ta ranar da rani ya tsananta. A kasuwar Gwaram, sai ya farke leda ɗaya ya nuna wa mai saye saiwa kafin a yi ciniki. A haka har mutane suka daina dubawa. An ce na Malam Sabo ne, an gama magana.

Yau lambun yana hannun ɗansa Auwalu, albasa kuwa ba ta yi halin ruwa ba. Ya gano cewa mutane da ido suke saye. Damina na ƙaratowa sai ya bi ledoji da takin zamani na yuriya, dashe ya zabura, ganye shar, saiwa ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba. A dasa, ya yi ta ƙyalli har kaka, rani na shigowa ya bushe a tsaye. Kuma da sunan ubansa yake kiran masu saye!

Na same shi a lambu na faɗa masa babu ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Gwaggo, zamani ne. In na kai irin na Baba, wucewa ake yi." To, a wuce mana! Ubanka ma an wuce shi, bai mutu da yunwa ba.

Me Malam zai ce da ya leƙo? Ba mafaɗaci ba ne, ni ce mafaɗaciyar gidan. Ina jin bin gonaki zai yi ɗaya-ɗaya yana ba mutane haƙuri, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Ban san abin da ya rage na yayana ba sai da wani dattijo, Malam Idi na Fagam, ya tsaya gaishe ni. Mangwaron da ya saya a hannun Auwalu ya dasa wa jikokinsa, ya yi rani guda yana kai masa ruwa a jarka, duk ya bushe. Na shirya jin ƙorafi, na ma fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Sai ya ce, "Hajiya, gonar nan zan rabu da ita. Ƙasata ce ta mutu. Ai dashen gidan Malam ba ya mutuwa."