Ɗingishin Baba a Cikin Ordinatar

Shekarun baya, wajen takwas ko tara, yatsun hannuna na hagu suka fara yi mani gardama. In ce su lanƙwashe, su ce sai sun yi shawara. Likita ya ce sanyin ƙashi ne, zai riƙa ƙaruwa. Ni kuwa shekara kusan arba'in ina kaɗa gita a bukukuwan Maradi, ba ni da wata sana'a. Lakwal, wato boko, wata huɗu na yi, mushe malaminmu ya ce in tafi gida in huta, shi ma ya huta.

Bukukuwa ba su dame ni ba, na ci rabona. Abin da ya tsaya mani a rai kiɗa ɗaya ne, taken noma da mahaifina yake yi da molo a Tsibiri in an yi gayya. Ni na ɗauko shi na ɗora a gita, kuma ba wanda ya iya shi bayana. In hannun nan ya ƙage, shi ke nan, an binne tsoho karo na biyu.

Mijin ɗiyata yana da situdiyo a unguwar Zariya, ɗaki guda an lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai. Mutum ne mai kunya ƙwarai. Tun da ya auri ɗiyata bai taɓa haɗa ido da ni ba, ni kuma mugunta ta sa nakan je in zauna kusa da shi don in ga yana zufa. Ɗiyata ce ta kai masa maganar, ya aiko cewa in zo da hantsi.

Da na je, ya miƙo mani wata gita mai ɗan ƙarfe maƙale ƙarƙashin tsirkiya, da waya ta bi ta wani akwati ta shiga ordinatar, wato kwamfuta. Ya ce sunan abin Midi. Yana kallon ƙasa ya ce, "Baba, wannan ba sauti take ɗauka ba. Rubutawa take yi, wace tsirkiya kuka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi. Daga baya sai mu sa mata muryar da muke so."

Na ce, "Ashe ƴar sanda ce."

Na kaɗa, sai na ji sarewa. Ya taɓa wani abu, na sake kaɗawa, sai na ji algaita. Na ce ko akwai jaki? Ya ce babu, amma akwai kare. Ranar nan sai da na yi taken amarya gaba ɗaya da haushin kare, shi kuwa yana cizon leɓe, dariya na cinsa ba halin yi gaban suruki.

Da muka koma aiki, ya sa mani wani ƙas-ƙas a kunne kamar agogo, ya ce in bi shi. Na kaɗa taken Baba. A gilashin ordinatar sai ga ƴan sanduna ja da kore suna fitowa, wasu bisa layi, da yawa a karkace, ga ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. Na ce ya yi? Ya ce, "Ya yi kyau, Baba." Ko kwano na kifar da nan haka zai ce.

Ashe bayan tafiyata ya zauna ya share ɗige-ɗigen, ya danna wani wuri da ke jawo kowace sanda ta hau layi daidai. Kunya ta hana shi cewa in sake, sai ya gyara ni a ɓoye. Da na dawo na saurara kuwa na ji daɗi, tsaf kamar hannun ɗan shekara ashirin. Har na ce a raina likitan nan bai san aikinsa ba.

Surukina ya sa mani kiɗan a salula, na hau kabu-kabu sai Tsibiri wajen yayata. Ban da ni, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji Baba da kunnensu. Na tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na kunna, na harɗe ƙafa ina jiran yabo.

Ko hannu ba ta tsayar ba. Ta ce, "Auta, sojoji ka koma yi wa kiɗa?"

Na ce, "Haba Yaya, taken Baba ne."

"Baban wa? Ina ɗingishin?"

Ta ce, "Kai dai girman banza ka yi. Ba a tafe yake kiɗan ba, yana bin manoma a baya? Ƙafarsa ta dama da amalanke ta taka, ba sai ya jira ta ba? Bugu biyu, ya jira ƙafa, sannan na uku. Kai ma haka kake kaɗa shi tun kana da haƙora. Wannan na cikin salula ƙafarsa lafiya lau, ban san shi ba."

Shekara arba'in ina ɗauke da ƙafar mahaifina a yatsuna ban sani ba. Ni a zatona haka kiɗan yake.

To, yanzu ta yaya zan ce wa suruki ya ɓata aiki? Sai na shiga situdiyonsa ina jan ƙafa, na zagaya ɗakin sau biyu. Ya miƙe a firgice. "Subhanallahi, Baba, me ya samu ƙafar?"

Na ce, "Ita na zo ka mayar mani. Kai ka ɗauke ta."

Da na yi masa bayani sai ya dafe kai. Bai ajiye na farkon ba, gyararren ya hau kansa. Na ɗauki gita in sake, yatsu suka ƙi. Makon nan sanyin ya motsa sosai. Sau biyar ina farawa, in na zo wurin sauri sai ƙaramin yatsa ya tsaya cak. Na ajiye gitar, kuma ba na ɓoye maku, a lokacin wasa ya fita daga bakina.

Can sai ya ɗago, karo na farko ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, "Baba, ku kaɗa a hankali, yadda hannun zai iya. Ai rubutu ne. Zan iya sa shi ya yi sauri daga baya, muryar ba za ta sauya ba, jiran ma yana nan inda kuka sa shi. Ba zan taɓa ko sanda ɗaya ba."

Na ce ya kashe mani agogon nan na kunne. Na rataya gita na miƙe tsaye. Wayar taki huɗu ce tsawonta, sai na riƙa tafiya taki huɗu in juyo, ina jan ƙafar dama, ina kaɗawa kamar mai koyo. Tsoho da furfura yana kai da kawowa kamar akuyar da aka ɗaure. Da na gama, surukina ya ƙara wa kiɗan sauri, ya nemo muryar da ta fi kusa da molo. A gilashi kowace sanda ta uku ta zame daga layi, ta tsaya baya kaɗan.

Washegari muka tafi Tsibiri tare a moto ɗinsa. Yaya ta saurara har ƙarshe. Ta ce a sake. Aka sake. Ta share ido da bakin zane ta ce, "To, ya iso." Sannan ta harare ni ta ce, "Amma ya fi ka hannu nesa." Na ce na yarda.

Yau ko kofin shayi da hannu biyu nake riƙewa, gita kuwa tana rataye a bango. Ban ji ciwon hakan yadda na zata ba. Surukina ya ce mawaƙa da dama sun ga aikin a ordinatar sun ce a bari su daidaita shi, yakan ce masu ba na gyara ba ne. Ni kuma in na gama karyawa nakan zauna a ƙofar gida in kunna. Bugu biyu su wuce, sai ɗan shirun nan ya zo, in tsaya in jira shi ya jawo ƙafarsa.