Iya Falmata Ba Ta Kai Ga Sunanta Ba

Jiya na ga ɗaliban jami'a sun sauka Gure aikin sa-kai, sai Iya Falmata ta faɗo mini a rai.

A shekarun saba'in ƙungiyarmu ta mata kan karɓi irinsu daga Yamai, su koya mana karatu lokacin hutunsu. Yaran kirki ne wallahi, amma kowace shekara sababbi ake turowa, su sake ɗaukowa daga farko, daga harafin 'a'.

Ran nan Iya, 'yar ƙungiyarmu, ta ce da wani daga cikinsu, "Ɗana, ni da 'a' ɗin nan mun saba. Yaushe za mu kai ga sunana?"

Ya ce, "Baɗi, Iya, in sha Allah."

Da baɗin ta zo, wani aka turo. Har ta rasu dangwala yatsa take yi.

Ku da ke karɓarsu yanzu, an canza kuwa?