Tambarin Mutum Goma Sha Bakwai

A layin masu buga takardu kowa Gwani yake kiransa, kuma ba zolaya ba ce. Shekara ashirin da shida ke nan yana zaune a lungun shago ɗaya, tsakanin injin yankan takarda da gwangwanayen tawada, yana tsara kalanda da allon shaguna da rigunan 'yan makaranta. Ko daga bakin ƙofa ka ɗaga masa zane, zai gaya maka ko zai fito a jikin riga ko zai cakuɗe. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya cewa a'a, musamman in an fara da yaba masa.

Ta nan 'yan ƙungiyar manhajar kyauta suka kama shi. Mutane ne masu rubuta manhajar kwamfuta su sake ta ga kowa, wanda ya ga dama ya ɗauka ya gyara. Abu ne mai kyau, ba wanda ya musa. Amma duk shekara suna yin babban taro, kuma kafin taron sai sun yi gasar zana tambari, a nan ne hankalinsu yake tafiya hutu. Sai su zaɓi zane mai launi tara da layuka sirara kamar gashi, abin da ba ya kyau ko'ina sai a fuskar waya. Saura sati biyu taro sai ka ga shugabansu, wani sarkin bayani da ake ce wa Tabarau, ya shigo shagon yana washe baki.

"Gwani namu! Ɗan taɓawa kawai za ka yi masa."

Ɗan taɓawar nan kwana uku take ci, domin sake zanen yake yi tun daga tushe. Shekara tara yana wannan bauta, ladansa riga ɗaya, ita ma shi ya buga ta da hannunsa. Ranar rufe taro akan haska sunayen masu aikin sa kai a babban allo a yi musu tafi. Nasa bai taɓa fitowa ba, wai shi ai gyara kawai ya yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matarsa malamar firamare ce, kuma ta tsani ƙungiyar nan tsana ta gaske. "Baban yara, ni ban hana ka aikin alheri ba," in ji ta. "Amma mutanen da suka iya rubuta wa inji magana, sun kasa rubuta sunan mutum ɗaya?"

Maganar ta zauna masa. Idanunsa sun fara gajiya, sai ya kai hanci kusa da kwamfuta yake ganin ƙananan haruffa, ya san shekarun aikinsa ba su da yawa a gaba. Abu ɗaya yake so kafin nan: ya zauna kusa da matarsa a zauren taro, sunansa ya fito a allon nan, ta gani da idonta. Saboda haka a shekara ta goma ya shiga gasar da kansa. Ya zana ƙofa a buɗe, haske yana fitowa ta cikinta, launi biyu tak. Ko a kan maɓallin riga ka buga shi za a gane. Aka kaɗa ƙuri'a, ya cinye da rata mai nisa.

To, ƙungiyar tana da wani rumbu a intanet inda ake ajiye kowane aiki, kuma duk wanda ya saka abu ko ya gyara, rumbun yana rubuta sunansa. Dokar gasa ta ce sai an saka zanen a can. Aka turo wa Gwani bayanin yadda ake shiga, shafi goma sha ɗaya. Ya karanta biyu kansa ya ɗau zafi, sai ya zuba zanen a filashi, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya miƙa wa sakataren ƙungiya ya ce ya taimaka. Sakatare ya saka da nasa sunan, ko a jikinsa.

Daga nan aka buɗe ƙofar gyara, kowa ya zo da cokalinsa. Wani ya ce babu alamar fasaha, ya liƙa haƙoran inji a jikin ƙofar. Wani ya tura taswirar duniya cikin hasken. Wani mai hikima ya gano cewa ƙofar tana buɗewa ta dama, wai an ware masu amfani da hagu, aka kwashe kwana shida ana musu a kan haka. Akwai wani bawan Allah da bai iya zana ko da'ira ba, shi aikinsa ya ɗaga rubutun da ke jikin tambarin sama kaɗan, gobe ya sauke shi, har sau arba'in da ɗaya. Da sakatare, mutum goma sha bakwai suka sa hannu.

Gwani ya ga abin da ƙofarsa ta zama, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya kira Tabarau.

"Shugaba, wannan fa ba zai bugu a riga ba. Kun kashe shi."

"Haba Gwani, ai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Yanzu ba naka ba ne, na al'umma ne. Ka ɗan taɓa shi kawai. Sunanka kuwa, bana kowa zai gan shi."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta ɗaure shi. Ya haɗiye fushinsa, ya sake kwana uku yana rage ƙazantar, ya buga riguna ɗari huɗu.

Ranar rufe taro matarsa ta nemi izini a makaranta, ta goge masa kayansa mafi kyau, suka zauna a layi na uku. Tabarau ya hau dandamali ya yi bayanin minti arba'in a kan adalci. Bana, in ji shi, babu son kai, domin ba mutum ne ya tsara sunayen ba. Kwamfuta ce ta ƙirga daga rumbu, wanda ya fi yawan gyara shi ne a sama.

Aka kashe fitilu, sunaye suka fara hawa. Na farko shi ne mai ɗaga rubutu yana saukewa, zauren ya ɗauki tafi, shi kuma ya miƙe yana rusunawa ba kunya. Gwani ya ƙanƙance ido yana bin kowane layi, yana ƙirgawa a ransa. Na goma sha bakwai sakatare ne, an rubuta a gabansa cewa shi ya kawo asalin zane. Sai allon ya yi fari.

Sakataren yana zaune a bayansu. Ya sunkuyo ya ce, "Kash, Gwani, ai da ka yi rajista da sunanka. Ka san kwamfuta ba ta ƙarya."

Gwani bai juya ba. Kunya ce ta rufe shi, ba ta jama'a ba, ta matar da ya ɗauko daga aji don ta zo ta ga wannan. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, Tabarau take harara.

Aka kunna fitilu. Tabarau ya gyara murya ya ce taron baɗi ma zai buƙaci wanda zai ɗan taɓa tambari, wa zai sa kai? Ya yi maganar yana murmushi, idonsa a layi na uku. Kuma wallahi hannun Gwani ya fara tashi daga kan gwiwarsa, shi kansa bai sani ba.

Matarsa ta cafke shi ta danne. "Zauna, Baban yara," ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Mutum goma sha bakwai ne suka zana, su taɓa abinsu."

Hannun ya kwanta a cikin nata. Tabarau ya ci gaba da jira, murmushin yana bushewa a fuskarsa, yana duba hagu da dama. Mutum ɗari huɗu sanye da rigar Gwani, babu hannu ko ɗaya da ya tashi.